Rasuwar Murhun Kaka Merle, Wanda Ba Mu San Sunansa Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da yatsun da suka ƙandare don sanyi, ni Tamsin Pybus, a madadin gidanmu da ke tsibirin Flinders, nake sanar da rasuwar murhunmu na ƙarfe. Ya cika ranar Lahadi da hantsi, ana tsakiyar ɗarin watan Yuli, wanda shi ne lokacin sanyinmu a nan.

Na san da sunan mamaci ake fara irin wannan sanarwa. Ku gafarce ni, ba mu da shi.

Marigayin ya riga mahaifiyata zuwa tsibirin nan. Kakana ne ya sauko da shi daga wani jirgin kamun kifi, ya girke shi a fili, sannan ya gina gida ya kewaye shi. Mai haƙuri ne, ba ya zaɓen itace. Ya busar da safar kaka da 'ya da jika, ya gasa burodi, ya raya 'yan tumakin da aka haifa cikin ruwan sama. Idan ya ƙoshi yakan ce ƙas, ƙas. Idan iska ta shiga bututunsa sai ya yi huuu, kamar mai jin barci. A gefensa na koyi karatu.

Ciwon ajalinsa gishiri ne. Kawu Des, da ƙyuyar shiga daji, ya daɗe yana ciyar da shi itacen da teku ke turowa gaɓa. Gishirin ya yi ta cin cikinsa ba mu sani ba, har ranar da muka ji ƙau, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, Kaka Merle ta kama tarin da har yau bai sake ta ba.

Wani mai gyara a birnin Launceston da ke ƙetaren ruwa ya ce ta waya ana iya sauya farantin ƙarfen cikinsa da ya tsage, in dai mun faɗi wanda ya ƙera shi. Na rarrafa bayansa da tocila, na kankare tsatsa, na juye duk littafin da ke da hoton murhu a ɗakin karatu. Ko harafi ɗaya babu. Kawu ya ce wataƙila ɗan gudun hijira ne, shi ya sa ya ɓoye suna. Kaka ta ce gara marar suna mai amfani da mai suna sakarai. Sabo kuwa ba zai shigo ba sai tsohon ya fita, tsohon ya fi ƙofar faɗi, kuma ba mai fasa bango a wannan sanyin.

Ya rasu ya bar butar shayi, da tukunyar miya, da kyanwa wadda har yanzu take kwanciya a gabansa tana jira. Ya bar mu mu huɗu a ɗakin Kaka, kewaye da 'yar hitar lantarki mai ɗumama ɗaki, mai jar waya ɗaya tak, muna shaƙar numfashin juna. Iska ta hana jirgin ruwa zuwa. Ba inda za ka juya ba ka taka ƙafar wani ba.

Bayan nas ta saurari ƙirjin Kaka, Mama ta yanke magana: tsohuwa ba za ta ƙarasa ɗarin nan a gidan da ba wuta ba. In ba a sami gyara ba, jirgin farko zai kai ta gidan kula da tsofaffi a ƙetaren ruwa. Kaka ta dube ta ta saman tabarau.

"Noelene, ni da shi aka gina wa gidan nan. Je ki auna ƙofar, ni ma ba zan wuce ba."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da ninke rigunan sanyi cikin akwati.

Jana'iza: za a yi ta ranar da jirgi ya iso. Mai walda zai yanka gawar gunduwa-gunduwa a tsakar ɗakin girki, a fitar da ita ta ƙofa. Masu son ganin marigayin su zo kafin nan. Shi dai baƙi ne wuluk, mai ƙafafu uku, da zanen ganye a murfinsa, mariƙinsa murɗaɗɗe kamar igiya. Kada a kawo fure, kada a kawo kek. Wanda ya taɓa ganin ɗan'uwansa a gidan kakarsa, don Allah ya buga mana waya.

An ce iska za ta kwanta ranar Alhamis. Kowa a ɗakin nan ya ƙosa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, roƙo nake kada ta kwanta.