Ni da Waji a Hawan Kibo

Ba zan taɓa mantawa da hutun Babbar Sallar da na kai iyalina Jos ba, ko da tsufa zai mantar da ni sunayen jikokina. Lokacin ina malamin elementare a Lafiya, Turawa ba su tafi ba tukuna, motocin garin kuwa kowa ya san su ya san masu su. Yayan maiɗakina da ke aikin kuza ya aiko mu je masa Sallah, har da Inna, wato surukata. Jirgin ƙasa na bi ta garinmu, mutum ya sauka Kafanchan ya canja. Amma ni da bakina na ce Inna ba za ta yi ta jan rago a tasha ba, shatar mota zan ɗauko. (Ba wanda ya tambaye ni fa. Neman suna ne kawai.)

'Yar farin Inna nake aure, saboda haka tun da aka ɗaura auren ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ko muna tsakar gida ɗaya sai dai ta ce, "A gaya wa Malam tuwo ya sauka." Ni kuma in sunkuyar da kai in yi wa bango godiya. Burina a duniya matar nan ta ga 'yarta ta auri namiji.

Neman motar ya ba ni wuya. Wadda na fara gani ƙofarta da igiya aka ɗaure. Wata kuma tana da kyau, amma na tarar da direbanta a gidan burkutu da hantsi, yana rantse mini cewa ido rufe ma zai kai mu. Mai lafiyar da na samu kuwa, da aka faɗi kuɗinta sai na yi kamar hanya na zo tambaya. Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani mai fataucin doya da ke da kitika, irin ƙaramar motar nan mai bodin katako. Direbansa Ayuba tsohon soja ne, mutumin Eggon, ba ya sha, ba ya gudu. Kuɗin ne dai ya ɗan fi ƙarfina. Muna cikin ciniki mai motar ya ce ai har da ladan karen mota da abincinsa a ciki. Nan dabara ta faɗo mini.

"A bar yaron a gida," na ce. "Ni zan yi aikinsa."

Ayuba ya dube ni daga hula har takalmi. "Malam, mota nan yana da lafiya, amma ba ya son tudu. In ya mutu a kan tudu, waji ne uwa, waji ne uba." (Haka Hausarsa take, mota namiji ce.) Ya ɗauko wajin ya miƙa mini: guntun katako mai nauyi, da mariƙi. Aikin ba wuya, in ji shi. Mota ta tsaya a hawa, ka diro, ka cusa shi bayan taya kafin ta fara baya. Na ce wannan ai ko ɗan aji ɗaya zai iya.

Muka tashi da safe. Inna da maiɗakina da jaririyarmu suna gaba tare da Ayuba, ni ina baya da rago da doya da garwar ruwa, waji a kan cinyata. Har Akwanga ina jin kaina, ina ɗaga wa mutane hannu. Da muka wuce nan duwatsu suka fara matsowa, na daina ɗaga hannu. A gindin Hawan Kibo Ayuba ya tsaya na zuba wa inji ruwa, sai ya nuna mini can ƙasan kwari. Ƙarafan wata babbar mota ne, ciyawa ta fito ta cikinsu. "Wancan, yaro ya yi barci," ya ce. Wallahi da ya bar ni ban gani ba.

Muka kama hawa. Dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, motar tana kuka tana jan jiki kamar tsohuwa ta ɗauko itace. Duk addu'ar da na sani na karanta, wadda ban sani ba ma na ƙaga. Tsoro nake ji, ba na wasa ba. Muna kan wata kwana inji ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Sai na ji bodin na tafiya ta inda bai kamata ba.

"Malam, waji! Waji!"

Dirowa dai na diro, wannan ba mai ƙwace mini. Na tsaya bayan motar, na ga taya na nufo ni, rago na leƙo ni ta sama. Abin da ya biyo baya ƙafafuna ne suka yanke, ba su yi shawara da ni ba. Na rungume wajin a ƙirji na zura a guje, na gangara, na faɗa cikin ciyawa har hulata ta yi nata wuri. A bayana na ji ƙarar katako ya daki wani abu. Daga nan shiru.

Ban taɓa jin shiru mai muni irin wannan ba. Na durƙusa cikin ciyawa na kasa waiwayawa. Matata, 'yata, Inna, duk na ba rami su saboda 'yan sulallan da na rage, ga kuma abin da zai cece su a hannuna. Ina nan durƙushe sai na ji kukan jaririya. Rago ma ya amsa.

Ashe Ayuba ya murɗa sitiyari ya jingina gindin motar da jikin dutse. Katakon baya ya tsage, doya ta watse a hanya, amma ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Na hawo a hankali, ba hula, ƙaya ta yaga mini riga, waji na rungume a ƙirjina don na manta ma ina riƙe da shi. Maiɗakina ta kau da kai tana jijjiga yarinya. Ayuba ya shiga tsince doya. Inna ce ta gyara mayafinta, ta ɗago ta dube ni cikin ido, karo na farko tun da na shiga gidansu.

"Sannu, Malam," ta ce. "Shi wajin dai bai ji ciwo ba ko?"

Da ramin nan ya matso kusa, da na shige da kaina. Shekara da shekaru ina jiran ranar da Inna za ta yi mini magana, ga ta ta zo.

Mun isa Jos, mun yi Sallah, ban ji ɗanɗanon naman ba. Kafin mu juyo na nemo karen mota na gaske a tasha na biya shi, na kuma biya gyaran bodi, arahar ta fita ta hanci. Tun daga ranar in zan ɗauki shata ba na tambayar abin da za a rage, sai dai wa zai riƙe waji, kuma in tabbatar ba ni ba ne.

Shi kuwa wancan wajin, da muka dawo Lafiya Inna ta roƙi Ayuba ya bar mata, ta ba 'yarta. Har yau shi ke tokare ƙofar ɗakin maiɗakina. In baƙi suka tambaya, sai ta ce ai tsohon abin arziki ne, tun da aka ajiye shi a wurin bai taɓa gudu ba.