Gwaggo Ta Nutse a Ƙofar Madatsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ni Audi Mai-fito nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara rasuwar kwale-kwalena, wanda kowa ya sani da suna Gwaggo. Ta rasu ranar kasuwar Yankara da ta wuce, da hantsi, a bakin ƙofar madatsar ruwan ƙauyenmu, bayan shekara goma sha tara tana aiki a kan ruwa.

An sassaƙa marigayiya da katakon maɗaci a Yawuri, aka kawo ta nan a bayan mota. Doguwa ce siririya, manya biyu ba sa zama kafaɗa da kafaɗa a cikinta. Matata Barakatu ce ta raɗa mata suna, don ta ce ba ta taɓa ganin mai ɗaukar kayan kowa ba tare da ƙorafi ba sai gwaggonta ta Sabuwa. Ta ɗauki masara da waken soya da tumaki. Ta ɗauki mata masu naƙuda, biyu a cikinta suka sauka kafin mu kai gaɓa. Tun da mutane suka daina bin hanyar da ta zagaya ta daji, ita kaɗai ke haɗa mutanen tsallake da kasuwa. Maganarta ba ta da yawa. In kaya sun yi mata nauyi sai ta ce ƙiii, sau ɗaya, ta yi shiru.

Ba ta yi jinya ba. Farkon damina na toshe mata kowace kafa da auduga da kwalta. Sai dai mako biyu kafin rasuwarta ta soma wani hali da ban san ta da shi ba: duk lokacin da muka zo daidai ƙofar, sai ta riƙa karkata hagu. Ƙofar ƙarfe ce a jikin bangon madatsa, da rani ake buɗe ta a saki ruwa ga masu lambu, yanzu kuwa a kulle take. Na ɗauka tsufa ne ya kama Gwaggo. Har faɗa na yi mata a gaban mutane, ina neman gafararta.

Ranar da abin ya faru mu uku ne: ni, da Malam Mas'udu manomin shinkafa da buhunansa shida, da Rifkatu mai sayar da daddawa. Babu iska, babu hadari. Muna zuwa daidai wurin na caka gora, ba ta taɓa ƙasa ba, a inda na shekara goma sha tara ina taɓa ƙasa.

Rifkatu ta ce, “Malam Audi, dubi karan can. Juyawa yake.”

Na duba. Kara da ganye suna zagaye a hankali, kamar ana dama kunu daga ƙasa. Na sa filafili iya ƙarfina, Gwaggo ta ƙi jin magana. Ruwan ya juya ta, ya cusa hancinta ƙarƙashin ƙarfen da ya gitta ƙofar, ta maƙale. Buhuna suka gangaro gaba, ruwa ya shigo ta kansu. Malam Mas'udu ya yi tsalle ya kama tsanin ƙarfe da ke jikin bangon. Rifkatu ba ta iya ruwa ba. Na damƙi zanenta na tura ta sama, shi kuma ya riƙo hannunta, ni ina jin wani abu yana jan ƙafafuna ƙasa kamar igiya. Da ƙyar na kama tsanin. Muna rataye mu uku muka ji maganar marigayiya ta ƙarshe, wani ƙiii mai tsawo, sai ɓul-ɓul, sai shiru. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

Kwana uku tana ƙasa. Muka tara igiyoyi da durom takwas da shanun huɗa huɗu, amma aka rasa mai nutsawa ya ɗaura mata igiya. Sai Baba Ɗanhausa, mahaifin Rifkatu, tsohon masunci da ya haura saba'in, ya tuɓe rigarsa. Ya ce jirgin da ya jira har aka fid da 'yarsa ba zai kwana huɗu a laka ba. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, mutum huɗu suka riƙe. Sau uku yana nutsawa. A na ukun sai da aka jawo shi da ƙarfi, amma ya riga ya ɗaura mata igiyar.

Shanu suka ja, durom suka taso, Gwaggo ta ƙi tahowa. Aka ƙara mutane a igiya. Da ta saki, ƙarar da ta yi har mutanen tsallake sun ji: katakon gindinta ne ya tsage daga hanci zuwa tsakiya. Kafinta ya duba ya girgiza kai. Na wanke ta da hannuna, ban sami ruɓa ko ɗaya a jikinta ba.

A nan Baba Ɗanhausa ya kira ni gefe.

Ya ce, “Audi, jirginka ba shi da laifi. Ƙarƙashin ƙofar ga akwai rami, sa zai shige shi da ƙahoninsa. Ruwa shina bi ta ƙarƙashin bango.”

Na ce, “Baba, ina yake fita?”

Ya ce, “Mu je ka gani.”

Muka gangara bayan bango, gonar Malam Mas'udu. A tsakiyar shinkafa wani sabon idon ruwa yana ɓuɓɓuga, faɗinsa kamar faifai. Baba ya ɗebi ruwan a tafinsa, ya bar shi ya tsiyaye, jar ƙasa ta rage a tafin.

Ya ce, “Da ruwan fari ne da ban damu ba. Wanga bangon ne yake fitowa da kaɗan-kaɗan.”

Mun kai magana inda ya kamata. An turo mutum, ya ɗauki hoto da waya, ya ce za a duba bayan damina. Jiya na koma gonar. Idon ya kai faɗin tabarma, kuma ya yi ƙane a gefensa.

Marigayiya ta bar filafili biyu, da gora ɗaya, da ƙwaryar kwalfe ruwa. Ta bar mutanen tsallake suna zuwa gaɓa da safe su tsaya su koma. Ta bar ni da Barakatu, da gidaje arba'in da ɗaya da ke kwance a gindin bango, cikinsu har da makarantar allo da cocin su Rifkatu.

Ga yadda aka tsara rakiya. Na san itace ce, ba za a yi mata salla ba, kuma ba za a faskara ta a hura wuta ba. Gobe Alhamis bayan azahar za a ɗauke ta a kafaɗa zuwa tudun ɗorawa da ke yamma da gari, a kifa ta a kan duwatsu. A can za a karɓi gaisuwa, ba a gidana ba. Ana roƙon duk wanda gidansa ke gindin bango ya zo da iyalinsa gaba ɗaya, da tsofaffin da ba sa iya tafiya, da awaki, da abin da ya samu na hatsi. A taho da tabarmi da leda. Zaman makokin ba na kwana uku ba ne, ba na bakwai ba. Za a tashi ranar da Baba Ɗanhausa ya ɗebi ruwan ya ga fari. Mai niyyar zuwa kada ya jira la'asar, don tun shekaranjiya hadari ke haɗuwa a gabas, bai zuba ba tukuna.