Jar Mota a Bayan Shanun Huɗa

Jama'a, ku taya ni murna. Yau da hantsi na shigo garinmu cikin motata, ina riƙe da sitiyari, gilas a sauke, gwiwar hannu a waje kamar yadda manya ke yi. Abin da ya ɗan rage wa shigowar armashi shi ne injin a kashe yake, kuma shanun huɗar maƙwabcinmu Kawu Is'haƙa ne ke jan mu da igiya. Matan unguwa sun leƙo ta kan danga, wata har da guɗa. Ban tabbata ta yabo ce ba, amma na ɗaga mata hannu.

A mashigin ruwan da ke tsakanin garinmu da babban titi na maƙale. Cikin motar ya zauna daram kan tudun laka, tayoyin gaba suna ta juyawa ba su kama komai. Awa biyu ina nan. Masu babura, abokan sana'ata na da, kowa ya zo sai ya rage gudu ya ce, "Sannu da hutawa, Alhaji Jabir." Ban taɓa zuwa Makka ba. Ranar da na sayi motar suka naɗa ni.

Da zama ya ishe ni, sai na kunna rediyon motar don in rage zafi. Ina kunnawa na ji wani mai daɗin murya yana lissafa ayyukan da aka kammala a bana, sai ga sunan hanyarmu a ciki. Ya ce yanzu manoma na kai amfanin gona kasuwa cikin minti goma. Na leƙa ta taga na dubi ruwan da ya kai rabin ƙofa, na ga wani kwaɗo zaune kan bamba shi ma yana saurare. Na ce alhamdu lillahi, ashe kan kwalta nake, idona ne ke da matsala.

Kawu ya iso da shanunsa, ya zagaya motar sau biyu hannu a baya.

"Jabiru, ba kai kac ce min ƙarhin dawaki ɗari da hamsin na cikin motar ga ba?"

"Haka mai ita ya ce, Kawu."

"To tashe su mana. Ko duk sun tahi kiwo?"

Bari in koma baya, don kada ku ɗauka haka kawai mutum mai hankali ke wayar gari cikin laka.

Shekara shida ina kabu-kabu. Isa, Tozai, Sabon Birni, wani lokaci har Burkusuma, babu inda babur ɗina bai san ƙasarsa ba. Da shi nake ci, da shi Innata ke ci, mu biyu ne a gidan. Amma tun ina ƙarami akwai abu ɗaya da ke raina: ƙaramar mota mai gudu. Ba irin manyan baƙaƙen nan masu baƙin gilas ba, waɗannan na masu yi mana hidima ne, Allah ya ƙara musu sanyi. Ni 'yar ƙarama nake so, mai gajeren baya, wadda in ka taka totur za ta manna ka da kujera. Na tara abin da na tara, na sayar da bijimin da na yi shekara biyu ina kiwo, ƙarshe na sayar da babur ɗin kansa.

Inna ba ta hana ni ba. Sharaɗi ɗaya ta gindaya. Ta ce, "Abin da babur ke kawowa gidan ga, mota ta kawo shi. In ba ta kawo ba, kai da ita ku nemi mai ba ku tuwo."

Na ce ai mota ta fi babur ciki. Ranar kasuwa za ni kwashi 'yan kasuwa da kayansu, sauran ranaku in ji daɗina.

Abin da ya ƙarfafa min gwiwa kuwa shi ne zuwan Mai Girma Garkuwan Talakawa, Uban Ayyuka, Hasken Karkara, Allah ya ja zamaninsa. Ya zo ƙaddamar da aikin hanyarmu da motocin da suka fi awakin garin yawa. An kafa rumfa, an yi kiɗa, an kawo gireda a kan tirela an wanke ta tas. An shimfiɗa kwalta daga bakin masallaci zuwa rijiyar burtsatse, aka ɗaura ƙyalle, aka miƙa masa almakashi a kan faranti. Ya ce kafin ruwan farko ya sauka, sai mun manta da launin laka.

Kawu ya raɗa min a wurin cewa karo na uku ke nan ana ƙaddamar da hanyar, kuma giredar ita ce dai ta wancan karon, ya gane ta da fasasshiyar fitila. Ana watsewa aka mayar da ita kan tirela, aka ce ana jiran ta wani gari da la'asar. Ni ban taɓa ganin ma'aikaciya irinta ba. Ta halarci bukukuwa fiye da kowane maroƙi, kuma har yau bakinta bai taɓa ƙasa ba.

Amma ni na yarda, don wannan karon an kafa allo. Boko ban yi nisa ba, aji biyu na sakandare na ajiye, amma hoto ba ya buƙatar malami. Ga hanya baƙa wuluk, ga fitilu jere, ga wata 'yar jar mota tana sheƙa gudu a kai. Na ɗauki hoton a waya. Na ce manya ba za su zana abin da ba su yi niyya ba.

Da wannan hoton na tafi Maraɗi, ni da Lawwali bakanike, abokina tun muna yara. Dillalin da muka samu sunansa Talha. Ya ji nauyin aljihuna, ya nuna mana mota uku. Ta farko doguwar wagon ce mai launin kunun kanwa, irin wadda ke ɗaukar gari guda da kajinsa. Ta biyu wata 'yar tsugul ce mai dogayen ƙafafu, ba kyau ba muni. Ta uku kuwa, jama'a, Golf ce ja, ƙofa biyu, tayoyi masu faɗi, ta kwanta ƙasa kamar kyanwar da ta hango ɓera. Da Talha ya tayar da ita, salansar ta yi wani gurnani da na ji har cikin haƙarƙarina.

To a wajenmu ba injin ake fara dubawa ba. Bakaniken kirki kwanciya yake yi ƙasa ya zura hannu tsakanin cikin mota da ƙasa, don hanyarmu ce ke zaɓar mota, ba mai kuɗi ba. Lawwali ya kwanta gaban wagon, hannunsa ya shige har da sauran wuri. Ya kwanta gaban 'yar tsugul, haka. Ya zo kan ja, dunƙulen hannunsa da ƙyar ya shiga.

Ya tashi yana kaɗe riga. "Wagga ko kashin raƙumi ta taka sai ta tsaya."

Talha ma, Allah ya saka masa, bai ɓoye ba. Ya ce, "Gaskiya motar ga lahiyarta lau, amma kwalta taka so. Kuna da kwalta can wajenku?"

Na zaro waya na nuna musu allon.

Lawwali ya daɗe yana kallo. "Jabir, cikin hoton za ka riƙa tuƙi?"

Na ce masa matsalarsa rashin yarda da shugabanni. Na sayi ja.

Kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ba za ni ci amanarta ba: mota ce. A kan titin Maraɗi na san abin da ake kira daɗi. Kana taɓa sitiyari ta san abin da ke ranka. Da muka baro kwalta ne aure ya fara tsami. Mun iso gida Lawwali na tafe a gaba da ƙafa yana kawar da duwatsu, kamar mai yi wa amarya share hanya.

Tun daga nan filin wasana ya zama kwaltar Mai Girma, daga masallaci zuwa rijiya. Giya ta ɗaya, giya ta biyu, kafin in sa ta uku sai birki. Giya biyar gare ta, uku ban san muryarsu ba a ƙasar haihuwata. Wannan ma bai ɗore ba, don matan gari sun gano babu wurin shanya irinsa. Yau barkono, gobe kuɓewa, jibi dawa. In na zo sai in tarar an tare da duwatsu, wata tsohuwa na zaune da sanda. A madadin matan garinmu ina miƙa godiya. Ba a taɓa yi wa kuɓewa gata irin wannan ba.

Mai kuwa, ku bar shi. Na kwana biyu ban shiga layin mai ba sai na je gidan mai a Isa ranar nan. Tun safe har azahar muna matsawa taku-taku. Saura mota huɗu a zo kaina sai ga jiniya, motocin wani Jigon Al'umma suka shigo ta ƙofar fita, suka sha suka ƙoshi, har da jarkoki a but. Suna fita aka ce mai ya ƙare. A bakin ƙofar kuma ga 'yan bumburutu da galan cike, suna mana sannu. Ban tambayi inda suka samo ba. Wataƙila rijiya gare su.

Babban ciwon shi ne 'yan kasuwa. Hajiya Binta mai daddawa, wadda shekara shida ni ke kai ta kasuwa a babur, ta zo ta ga sai an kwantar da kujerar gaba kafin a shiga baya.

"Ni za ka cusa nan kamar kaza cikin akurki? Ina ƙohwata?"

"Hajiya, haka ake yayinta."

"To a yi yayin ba da ni ba."

Ta hau bayan wani babur ina kallo. Na gwada buhu uku na gero, salansa ta riƙa jan ƙasa tana huɗa. Sati shida ke nan motar ba ta kawo ko kuɗin gishiri ba. Inna ta daina magana, kuma duk wanda ya san Inna ya san shirunta ya fi faɗanta zafi. Miya ta fara tsinkewa. Shekaranjiya na ga ta kwance akuyarta ta bayar a kai kasuwa.

Yau da shanu suka ajiye ni ƙofar gida, tana tsaye a zaure. Ta dubi motar, ta dubi shanun, ta dube ni.

"Gobe kasuwa," ta ce. Ta juya ciki.

Ban ko sha ruwa ba na aika aka kira Lawwali. Ya zo da murmushin da ya yi wata biyu yana ajiya.

"In ɗaga ta?"

"Ɗaga ta."

"Ba ta komawa yadda take, ka sani. Walda za mu yi."

Na ce ya yi abin da zai yi, ni dai ba za ni kalla ba. Amma na kalla. Ya ciro sifirin wata matacciyar a-kori-kura ya sa mata. Ya cire tayoyin nan masu faɗi ya kawo dogaye sirara. Ya fitar da kujerar gaba ta fasinja ya kafa benci, don Hajiya ta shiga da mutuncinta. Mai walda ya ɗora mata ragar ƙarfe a ka. Kafin la'asar sakaliya, kyanwata ta koma zalɓe. Lawwali ya kwanta ya zura hannu, har kafaɗarsa ta shige.

Muka ɗora buhu biyar na Kawu, shi ma ya hau, muka nufi mashigin. Na sa giya ta ɗaya. Ta shiga ruwan, ta yi tangaɗi, ta yi nishi, ta fita ta can ɓangaren. Kawu ya ce, "To, yanzu dawakin sun dawo." Da muka hau babban titi na ɗan taka ta don in ji ko tana nan. Sai ta fara rangaji kamar raƙumi, sitiyari na rawa, buhuna na kuka a sama. Na ɗaga ƙafa. Gudun ya tafi ke nan, ni na san shi na kwana ɗaya a Maraɗi.

Kafin magariba mutum bakwai sun kama wuri na gobe, har da Hajiya Binta da wani mai tunkiya. Kaf garin babu wata mota da ke iya ƙetare mashigin nan sai tawa. Inna ta leƙo ta ga layin kaya a ƙofar gida, ta ce, "Yanzu ta yi kama da abin da ke ciyar da mutum." A miyar yau na ga mai yana yawo.

Saboda haka ina da roƙo ɗaya wurin Mai Girma Uban Ayyuka, da duk masu girman da za su biyo bayansa. Ranku ya daɗe, don Allah kada ku gyara hanyar nan. Na riga na yi walda. In kuka zuba kwalta, kowane mai mota zai shigo ya kwashe min fasinja, ni kuma a bar ni da zalɓen da ba ya iya gudu. Ku ci gaba da ƙaddamarwa, za ni zo in yi tafi a sahun gaba, har in kawo mutane a farashi mai sauƙi.

Na kwanta da hankalina a kwance. Tunda nake roƙon manya, wannan ne karo na farko da na tabbata za a biya min bukata.