Ranar da Injin Wankina Ya Watsa Unguwa

Wata biyu na yi ina fama da tsohon injin wankin da Gwaggo ta bar mana a Batsari. Na kankare tsatsa, na sauya waya, har na fara jin kaina injiniya. Ai na yi kimiyya a sakandare.

Ranar gwaji da hantsi na tara matan gida, na ce, "Daga yau kun huta da dirzar wanki." Na tada janareta, na murɗa makunni. Ashe notuna da sifana duk na manta su a cikin tukunyar injin.

Tatatata! Wallahi sak harbi. A garinmu kuwa ba a tsayawa tambayar ƙarar mene ne. Inna ta suri jikanta tana salati, maƙwabta suka tsallake katanga, ni kuma na riga kowa shigewa ƙarƙashin rumbu. Sai da 'yan sintiri suka shigo da bindigogi suka kashe janaretan.

Yanzu ko rijiya na je, sai mata su ce, "Kwamanda, yaushe ne hari na gaba? A sanar da mu, mu kwashe shanya."