Yadda Clovis Ya Duba Wa Odile Har Ta Tafi Houston

"Ni Clovis, ko kogin Mississippi na shimfiɗa wa kati, sai ya juya ya koma inda ya fito."

Haka yake cika mana baki kullum a dandalin Jackson na New Orleans, inda nake busa ƙaho shi kuma yake duba da katin tarot, wato katuna masu hotuna. Sarkin Kurin nan ya daɗe yana mutuwar son Odile mai alewar gyaɗa, amma ko sau ɗaya bai iya furtawa ba. Kwatsam sai 'yarta ta ce ta tattara ta koma wurinta a Houston. Odile ta rasa abin yi, ta ce za ta zo a duba mata.

"Na gama da ita," in ji shi. "Na jera katunan alheri uku a sama: Masoya, Rana, Duniya. Kati ne zai ce ta zauna."

Ya manta da abin da ko ɗan koyo ya sani, wanda ake duba wa shi ke yanka kati da hannun hagu. Odile na zama ta miƙa hannu. Gogan naka ya yi wuf ya zare katin Masoya don kada ya ɓace masa, ya tura cikin hannun riga, sauran kuwa ta yanka ta cakuɗa son ranta.

Kati uku ake buɗewa, na jiya da na yau da na gobe. Katin jiya ya fito: mutum ya juya baya yana barin gari.

"Wannan ai tafiya ce," in ji Odile.

"Haba ranki ya daɗe, dawowa yake yi. Da baya."

Katin yau: keken doki.

"Ga ma abin hawa."

"Ina kika ga yana motsi? A fake yake. Ba mai."

"Doki ne fa, Clovis."

"To, ba ciyawa."

Zafin garinmu ka san shi, ga kuma zafin ƙarya. Zufa ta karyo masa, ya sa hannun riga ya share fuska. Katin Masoya ya fito ya manne masa a tsakiyar goshi, ɗas, shi bai sani ba. Na so in yi masa alama, amma gaskiya daɗi ya hana ni.

Katin gobe ya fito: kwalekwale ya ɗauki mace zuwa wancan ƙetare. Clovis ya gyara murya, ya ɗaga goshi sama yadda kowa zai gani.

"Ni ba ruwana da zamanki ko tafiyarki. Abin da kati ya faɗa nake faɗa. Ban taɓa ɓoye komai ba."

Masu zanen hoto da masu yawon buɗe ido suka fashe da dariya. Wata tsohuwa har da ɗaukar hoto. Shi kuwa ya zaci hikimarsa ce ta burge, ya rusuna yana godiya.

Odile ba ta yi dariya ba, nan ne tausayinsa ya kama ni. Ta ɓamɓare katin daga goshinsa, ta dube shi, ta ajiye a kan tebur.

"Wallahi da ka buɗe baki ka ce in zauna, da na zauna. Abin da ya kawo ni ke nan."

"To... zauna mana."

"A'a, malam mai duba. Kati ya ce in tafi, kai kuma ka ce kati ba ya ƙarya." Ta ɗauki kwandonta. "Ka goge goshinka, fentin katin ya zauna a kai."