Ciyaman Fontenelle da Hular Gashin Jimina

Allah Ya yi wa tsibirinmu baiwa biyu: teku, da Mista Cuthbert Fontenelle, shugaban kwamitin tarbar baƙi. Ita teku takan lafa wani lokaci, Ciyaman kuwa bakinsa ba ya hutu. Mu 'yan kasuwa Ƙahon Jirgi muke ce masa, a bayan idonsa.

Da aka ce wani sabon jirgin 'yan yawon buɗe ido zai fara zuwa garinmu, barci ya ƙaurace masa. Al'ada ce a miƙa wa kyaftin allon girmamawa, a buga hoton a jarida. Ciyaman ya rantse ba hannun da zai miƙa allon nan sai nasa, balle ga mataimakiyarsa, Misis Eudora, na harin kujerarsa.

"Baƙin nan wayayyu ne," in ji shi, yana shafa tumbi. "Ba zan bari masu rawa a kan dogayen sanduna su zubar min da mutuncin gari ba. Duk mai shigar wasa, waje!" Har masu gadi ya sa aka ɗauko daga wani tsibiri, wai namu sanayya ta yi musu yawa. Su Lennox masu rawar sanduna, da abincinsu ke wajen ɗaukar hoto da baƙi, aka kora su bayan shinge. Abin ya ƙona mana rai.

Ranar ta zo. Kai, ina ma kun gan shi! Farin kwat irin na gwamnan zamanin Turawa, lambobi a ƙirji kamar murafun kwalba, ga takobi, ga hula mai gashin jimina da ta shiga mota da ƙyar.

A ƙofar tashar jirgi, mai gadi ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, 'yan wasa can baya."

"Ka san ko ni wane ne?"

"Umarnin Ciyaman ne. Ya ce ko kuka mutum ya yi, kada a saurare shi."

Dama an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Aka iza ƙeyarsa bayan shinge, baƙi suka yanyame shi da kyamarori, wata tsohuwa har da roƙon ya ɗaga takobin. Can ciki aka ɗau tafi. Shingen ya fi shi tsawo, sai ɗage yake yi, zufa na tsiyaya.

Lennox ya leƙo daga kan sandunansa. "Ciyaman, kar ka wahalar da wuyanka, ni ina hangowa. Misis Eudora ta miƙa, kyaftin har ya sumbaci hannunta. Don Allah ɗan matsa gaba, kana kwashe mana kwastomomi."