Wayar Nomau da Rijiyar Gari

A ƙauyenmu akwai wani mutum mai suna Nomau. Gidan daga shi sai matarsa Lanti da awaki huɗu. 'Yarsu tilo, Asabe, tana aikin jinya a birni, shekara uku ba ta leƙo gida ba. Nomau ba mahaukaci ba ne. Abin da aka ce masa dai shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Asabe ta aiko masa da waya mai hoto, irinta ta farko a garin, don ya riƙa ganin fuskarta. Na ga zuwan rediyo, na ga zuwan injin niƙa, kowanne sai da aka tsine masa kafin a saya. Wayar ma haka. Mai unguwa Barau ya ce ranar da ta ishe shi zai raba Nomau da ita.

Wata rana Asabe ta ce, "Baba, in ta yi ƙara ka ɗauka, ko ina kake." Ran Juma'a ana ɗaurin aure, liman ya juya wajen dangin ango ya ce, "Kun karɓa?" Sai waya ta yi ƙara. Asabe ce, tana tambayar maganin da ta aiko. Nomau ya ɗaga murya: "Ba mu karɓa ba! Wallahi ko ƙyallinsa ba mu gani ba!" Dangin amarya suka miƙe suna kaɗe riguna. Da ƙyar aka zaunar da su, liman ya faro daga farko.

Wata rana Lanti ta ce, "Malam, ba a amsa waya gaban manya. Ka tashi ka je inda babu babba." Washegari wayar ta yi ƙara a ƙofar masallaci. Ya tashi. A bakin kasuwa ya tarar da Sarkin Pawa, ya wuce. A rafi ga tsohuwa tana wanki, ya wuce. Sai la'asar ya dawo, ƙafa duk ƙaya. "Me Asabe ta ce?" in ji Lanti. Ya ce, "Ina na sani? Ƙasar nan ko'ina manya."

Wata rana Asabe ta sa shi cikin zauren waya na 'yan garinmu mazauna birni, ta ce, "Duk abin da ka gani ka nuna mana." Abin da ya fara gani shi ne mai unguwa yana gyangyaɗi a gindin ɗorawa, baki buɗe, akuya tana cin gefen rawaninsa. Kafin magariba hoton ya kai Fatakwal.

Mai unguwa ya kira shi. "Gobe da hantsi za ka jefa wayar nan a rijiya da hannunka. Tunda ɗauka ce sana'arka, je ka ɗauki kabarinta ka nuna musu!"

Nomau ya share hawaye ya tafi. Ya ɗauki hoton bakin rijiyar da ya rufta, ya ɗauki guga tana fitowa da laka, ya ɗauki mata a jere tun asuba da tuluna. Ya aika cikin zauren, ya ce, "Asabe, ga inda wayar za ta kwanta. Ruwan ba zai rufe ta ba, in kin kira wataƙila in ji daga sama."

Shekara goma muna aika wa 'yan birni wasiƙa kan rijiyar nan, ni nake rubutawa da hannuna, ba a taɓa amsa ko ɗaya ba. Ran nan kuwa kafin gari ya waye sun kira liman, sun roƙi a dakata. Bayan wata biyu mota ta zo ta haƙa mana famfo.

Ranar buɗewa mai unguwa ya gyara rawani, sabuwar waya tana leƙowa daga aljihunsa. Ya ce, "Jama'a, ku shaida, ni na ce wa Nomau ya je ya ɗauki rijiyar nan."

Nomau ya durƙusa. "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Saura jefawar. Yau zan jefa, ko sai gobe?"